Batura Huɗu a Gangaren Bayan Kibiya

Faifan sola takwas, batura huɗu, da alkawari ɗaya. Abin da na ɗauko ke nan daga shagona na Kano ranar Talatar da ta wuce. Faifan na wata ƙungiyar manoman rani ne a wani ƙauye da ke bayan Kibiya. Sun haƙa rijiyar burtsatse, sun sa famfo, sun sayar da injin ban-ruwansu saboda tsadar fetur, suka dasa albasa bisa maganata cewa ranar Talata ruwa zai fito. Baturan kuwa na wani mai shagon cajin waya ne a can ƙauyen. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ban taɓa cewa Talata ta koma Laraba ba.

Ana sallame sallar asuba muka hau a-kori-kura, mu uku a gaba: direba, ni, da yayan matata. Malamin kimiyya ne na sakandare da ya yi ritaya. Za shi gaisuwar rasuwa can wajen, matata ta ce in rage masa hanya. Da na san abin da ke jirana, da na biya masa kuɗin mota ya tafi abinsa.

Tun ba mu tashi ba ya zagaya bayan mota yana leƙe. Masu lodi sun jingina faifan a tsaye da kan motar, sun sa kwali a tsakani, sun ɗaure tamau. Baturan suna can ƙarshen bodi a jere.

"Alhaji," in ji shi, "waɗannan ba a ɗaure su ba."

Babban mai lodin ya yi dariya. "Haba Malam! Mu biyu muka ɗaga kowanne muna nishi. Ina za shi? Abu mara nauyi ake ɗaurewa."

Haka muke lodi a layinmu, haka na tarar ana yi. Na ce, "Yaya, shiga mu tafi, rana na yi."

Muka bi titin Zariya, muka karya a Karfi, muka nufi Bunkure. Gari ya waye sarai amma ga wata can yamma, fari fat, bai faɗi ba. Malam ya nuna shi da baki ya tambaye ni ko na san abin da ya riƙe shi. Na ce ikon Allah. Ya ce ƙwarai kuwa, amma Allah ya sa wa ikonsa ƙa'ida, shi kuma shekara talatin yana koyar da ita. Daga nan fa ban ƙara samun sararin amsa waya ba.

Abin da na tsinta shi ne wannan. Wai duk abin da ke zaune, zaune zai tabbata sai an ture shi, wanda ke tafiya kuma ba zai tsaya don kansa ba sai wani abu ya tare shi. Wai gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da za a sa kafin ya motsa, haka kuma kafin ya tsaya. Wai in ka tura bango, bangon ma yana tura ka. Wata kuwa, a cewarsa, kamar dutse ne a majajjawa: shi miƙewa yake so ya yi, ƙasa tana janyo shi, sai ya dawwama yana zagaye. Wannan jan da ke faɗo da mangwaro daga reshe, shi ne dai ya riƙe wata, shi ne kuma ya sa duniya take kewaya rana.

Direba ya ce, "To Malam, in igiyar majajjawar ta tsinke fa?"

"Sai ku nemi inda za ku ga watan azumi," in ji Malam. Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, shugaban manoman ya kira ni sau uku.

A Rano muka tsaya karyawa. Garin na nan a gindin duwatsunsa, manyan curi a kan juna kamar da hannu aka ɗora. 'Yan acaɓa sun cika bakin tasha suna kiran Rurum da Madachi, kowanne ya ɗauki mutum uku da buhu. Na ci wainar da ban ci irinta ba a bana, mai laushi da miyar taushe, sai dai ta ƙanƙance ƙwarai, kamar yadda komai ya ƙanƙance yanzu ban da farashi. Wata Bafulatana ta dama mana fura da kindirmo mai kauri. Ina cikin sha Malam ya dawo daga leƙen bayan mota.

"Baturan sun matso gaba da kamar taƙi ɗaya. Ga mai igiya can, minti biyar ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, don Allah. Kai ka san wata, ni na san kaya. Ko sau ɗaya ka taɓa lodin mota?"

Ya ce bai taɓa ba. Ya shiga mota ya zauna. A lokacin na ɗauka na yi nasara.

Mun wuce Kibiya wajen ƙarfe goma, muka sauka daga kwalta muka kama burji. Gonaki sun bushe ƙayau, sai can gefen fadama ake hango kore. Sai muka iso kan wani tudu mai doguwar gangara. Direba ya yi abin da kowane direba ke yi tun da mai ya yi tsada: ya cire giya, ya kashe inji, ya saki mota tana gangarawa da kanta. Har ya juyo yana murmushi, "Malam, ga jan ƙasar taka, kyauta take ja mana." Ni ma na ji daɗi, don ni zan sayi man.

Mota ta yi ta ƙara gudu. A gindin gangaren akwai kwana, muna shanyo ta sai ga garken shanu sun cika hanya, wani dattijon makiyayi a bayansu da sanda a kafaɗa. Direba ya taka birki, birki ya yi tauri kamar dutse, don in ba inji ba ya kamawa sosai. Ya hau shi da ƙafa biyu, ya finciko birkin hannu yana salati. Motar ta ja ƙasa, ta tsaya cak, saura kamar kamu biyu ta taɓa wata farar saniya. Goshina ya bugi gilashi.

Mu mun tsaya. Baturan ba su tsaya ba.

Ƙarar da na ji a bayana ba zan manta da ita ba, kamar an saki tiren kofuna a kan siminti. Na fito na zagaya baya. Duk huɗun sun taho tun daga ƙarshen bodi sun daki faifan. Uku na gaba sun farfashe, sun yi zane kamar saƙar gizo. Baturan ko ƙwarzane babu.

Makiyayin ya leƙo, ya ce, "Sannu Alhaji. Ai da ka ɗaure su." Ya kora shanunsa ya wuce.

Na fara da direba, na yi masa tas a kan kashe inji. Ya ce, "Alhaji, a Bunkure ma na kashe, ba ka ce komai ba." Gaskiyarsa. Na kira babban mai lodi a waya, ya ce shi dai lafiya ya sallame mu. Na juya ga Malam ina jira ya ce ya faɗa mini, don in sami wanda zan yi faɗa da shi. Bai ce ba. Ya kwance igiyar da ta rage daga faifan da suka fashe, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Kama nan mu mayar da baturan baya." Wannan ya fi zagi ciwo.

Mun isa ƙauyen da azahar. Manoma sun taru a bakin rijiya, har an kawo mana tuwo. Na gaya musu gaskiya tsirararta. Muka haɗa biyar ɗin da suka tsira, famfo ya yi gurnani, ruwa ya fito siriri kamar daga bakin buta. Albasar ta riga ta kwantar da kai. Shugabansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya duƙa ya taɓa ƙasa.

"Alhaji, kwana biyu za ta iya. Na uku ba ruwanmu da kai, kai ma ba ruwanka da mu."

Na ce gobe. Na faɗa ne kawai, ban san daga ina ba, don waɗannan takwas su ne na ƙarshe irinsu a shagona, sabon kaya sai bayan mako biyu. Na buga wa abokan sana'a uku, babu mai girman da zai dace da sauran.

Muna shiga unguwarmu dab da magariba na ɗaga kai na ga faifan da ke kan rufin gidana. Irinsu ne sak. Washegari da sassafe na sa aka sauko da uku, na ɗaure su da hannuna, na zauna kusa da direba ina gadin makulli har gindin rijiyar. Kafin azahar ruwa ya cika kwalbatin farko, ya bi layin albasa.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauka nauyi ne ke riƙe kaya, ashe ban taɓa taka birki da gaske ba ne. Ƙa'idar da ke tafiyar da wata ba ta san ni tsohon ɗan kasuwa ba ne.

Ga yadda aka tashi. Manoma sun sami ruwansu, an makara da kwana ɗaya, albasa ta miƙe. Ni na rasa faifai uku da Talata ɗaya, ga ƙulu a goshi. Firjin da matata ke sanyaya zoɓon sayarwa a ciki ya mutu, tunda na cire faifansa, sai sabon kaya ya iso. Ban gaya mata yadda aka yi ba. Jiya tana miƙo mini ruwa mai ɗumi ta ce, "Yaya ya ce sau biyu ya faɗa maka."