Shekarar da Muka Rama Maganin Ido

A yau idan tsohon Musulmi a Bahiya, garin da aka kawo mu bauta a tsallaken teku, yana son sanin ranar Sallah, kantin magani yake zuwa. Akwai wani ɗan littafi da Turawan Fotugal ke bugawa duk shekara, cike da ranakun waliyyansu da lokutan cikar teku da tallan maganin tsutsar ciki, a gefen kowane shafi kuma an zana wata, tun yana jinjiri har ya cika. Shi ake buɗewa a ɗora yatsa. A da ba ma bukatar littafi, domin muna da idon wani tsoho da muke kira Bagobiri.

Lokacin da nake magana a kai, mu Hausawa mun riga mun ƙare. Tabarma biyu ke ɗauke mu duka a ɗakin bayan gida da muke salla a unguwar Barokinya, ƙofa a rufe, kamar yadda aka saba tun bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a garin. Yarabawa sun fi mu yawa, harshensu ake yi a kasuwa da bakin jiragen ruwa, limamin ma nasu ne. Abu ɗaya ya rage a hannunmu, wato ganin wata. Duk ranar ashirin da tara ga Azumi, kafin faɗuwar rana, sai mu hau kan tudun da ke kallon teku, Bagobiri ya tsaya a gaba. In ya ce ga shi, gobe Sallah. In ya yi shiru, a cika talatin. Babu Bayaraben da ya taɓa yi masa musu, kuma a zaman da na yi da Yarabawa ban san wani abu dabam da suka bari ya wuce ba musu ba.

Shi Bagobiri yana saurayi aka kama shi a yaƙi. Ya yi shekaru yana ɗaukar Turawa a kujera daga garin ƙasa zuwa garin tudu, har ya fanshi kansa. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma saƙar malafa a kusurwar da 'yan dako ke jiran kaya kusa da ɗakunan ajiya. Tsakaninsa da limamin akwai wasan nan na Gobirawa da Yarabawa, wanda ko teku bai wanke ba. Su biyun Bature ɗaya ya taɓa mallakarsu, amma in sun haɗu kowa sai ya ce wa ɗan'uwansa, “Bawana, ka kwana lafiya?”

Ni kuwa a Kano aka haife ni. Na yi fatauci zuwa Borno, aka kama ni a ƙasar Nupe, aka sayar da ni a Ikko, aka haye teku da ni zuwa Bahiya. Bayan na sami kaina na yi aikin dafa abinci a jirgi, na ga Lisbon, na ga Riyo, na koma Ikko sau biyu. Harshe biyar nake ji, kuma a kowanne ina iya ba da shawarar da ba a nema ba.

A shekarar da nake ba da labari ciwon ido ya shiga cikin 'yan dako, ya kama Bagobiri wajen goma ga Azumi. Idon ya yi ja, ya kumbura, kullum da safe sai matarsa ta jiƙa tsumma kafin kwantsa ta bar shi ya buɗe. Ita haifaffiyar Bahiya ce, tana salla tare da shi, tana kuma gaida waliyyan coci don kada wani ya ji an raina shi. Ta sayi idanu biyu na kakin zuma ta rataya wa wata waliyyiya da aka ce ita ke kula da ido. Mu kuma muka taru kowa ya kawo nasa. Na faɗa musu cewa a Borno kwalli ake sawa, a Nupe nonon mai shayarwa, a Ikko ruwan wani ganye, matuƙan jirgi kuwa fitsarinsu suke wanke ido da shi su kwana lafiya. Aka gwada uku na farko. Ido ya ƙara ja.

Limamin ya zo dubiya, ya leƙa fuskarsa ya ce, “Bawana, da wannan idon ko rana ba za ka gani ba, balle wata. Ka bari a kai ka wurin likita.”

“Da idona ɗaya a rufe na fi duk zuri'arka gani,” in ji Bagobiri. Amma washegari ya yarda, domin ya kasa zura zare a allura, kuma sauran kwana goma sha biyar a nemi wata.

Ni na raka shi, don ni ke jin harshen Fotugal sosai. Likitan yaro ne, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Ya fi sha'awar zanen fuskar Bagobiri fiye da idon, har ya ƙirga layukan ya rubuta a takarda. Daga baya ya ɗaga fatar idon, ya girgiza kai, ya ba mu wata 'yar kwalba mai duhu da sandar gilashi siririya. Ya ce ruwan azurfa ne, yana da zafi, yana ƙuna. Ɗigo ɗaya a kowane ido, sau huɗu daga safe zuwa yamma, kuma bayan kowane ɗigo a wanke da ruwan gishiri nan take. Ya maimaita maganar gishirin sau biyu. Na fassara duka da gaskiya, wannan kam ba a kama ni da laifi ba.

Muna fita na ɗiga masa na farko a inuwar wani bango. Ya yi salati, hawaye suka zubo. Can sai ya tsaya cik, ya haɗiyi yawu, ya kama hannuna.

“Bakano, ɗaci nake ji a maƙogwaro.”

“Yaya, ido fa na sa wa.”

“To ashe akwai hanya. Ya sauka. Ka karya mini azumi a kan titi, da rana tsaka.”

Da la'asar magana ta isa ɗakin salla. Abin da duk muka karanta tun muna yara shi ne, duk abin da ya shiga ido ya kai maƙogwaro ya ɓata azumi. A kan wannan babu saɓani. Limamin ya ce ai abin mai sauƙi ne. “Kai marar lafiya ne. Ka sha azumin, ka sa maganinka, ka rama bayan Sallah. Allah da kansa ya yi maka rangwame.”

Da wani Bahaushe ne ya faɗi haka, da Bagobiri ya karɓa ya yi godiya. Amma daga bakin Bayarabe ya fito.

“Wato in tsaya a gaban jama'a da cikina cike da doya, in gaya wa masu azumi ranar da za su sha ruwa? Shekara arba'in ina ɗaukar Bature a kafaɗa ina hawan tudu ban taɓa shan azumi ba, sai yau saboda ɗigon ruwa? Bawana, koma ka zauna.”

Kwana biyar muna wannan shari'a. Kwalba tana kan taga ba a taɓa ta ba. Wani ya ce a toshe masa hanci da auduga don a rufe hanyar. Wani ya ce a kwantar da shi kai a ƙasa, ƙafa a sama, maganin ya gangara wajen ƙwaƙwalwa. Matarsa ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce me zai hana a riƙa sa masa ɗaya bayan shan ruwa, ɗaya kafin barci, ɗaya da sahur. Muka gode mata, muka ci gaba da magana, domin likita ya ce daga safe zuwa yamma, kuma ita ba ta yi karatu ba.

A rana ta biyar ni na warware matsalar, kuma har yau ina tuna yadda na gyara zama kafin in buɗe baki. Na ce na zagaya ƙasashe, na ga kowace al'umma da dokarta, amma ban ga doka mai kyau irin tamu ta ramuwa ba. Wanda salla ta wuce shi yana ramawa, wanda azumi ya wuce shi yana ramawa. To me ya sa ba za a rama magani ba? Ya riƙe azuminsa, ɗigon da ya wuce shi da rana ya rama da magariba, a jere, kamar yadda matafiyi ke haɗa salloli.

Ɗaki ya ɗauki kabbara. Wani tsoho Bazazzagi ya ce wallahi tafiya ba ƙarya ba ce. Limamin kaɗai ya ce shi dai bai taɓa jin an rama tuwon jiya a cikin na yau ba, aka ce masa hassada ce.

Bagobiri mutum ne da ba ya barin ramuwa ta kwana. Da aka sha ruwa ya lissafa da yatsu, huɗu sau biyar, ashirin a kowane ido. Ya ce sandar gilashi wasan yara ce, ya sa aka kawo ƙaramin cokali. Ya ƙara kaɗan a matsayin nafila. Da na miƙo ruwan gishiri sai ya ture kwanon.

“Ka taɓa ganin wanda ya sha rubutu ya bi shi da amai? Magani ya shiga kuma in wanke shi? Ɗaure mini.”

Na ɗaure masa idanu da rawaninsa. Yana gumi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana cewa, “Alhamdu lillahi, yana aiki.” Mu ma muka ce yana aiki, domin a duk ƙasashen da na sani, maganin da ya fi zafi shi ake yi wa kallon mai gaskiya.

Da safe matarsa ta kwance rawanin, ta saki ƙara. Fatar idon ta yi baƙi kamar an goga gawayi, baƙin idon kuma ya yi hazo kamar gilashin da aka yi wa huci. Muka koma wurin likita. Ya ɗaga kwalbar ya ga ta kusa ƙarewa, ya tambaye ni wa ya sha. Na yi masa bayanin ramuwa da harshen Fotugal mai kyau. Ya faɗi kalmomi da yawa, wasu tun ina jirgi rabona da jin su. Bagobiri ya ce me yake cewa, na ce yana gaishe ka da jiki. Abin da ban fassara ba shi ne cewa da an bi shawarar matar, da ido ya warke cikin mako.

Kumburin ya sauka, jan ya tafi, hazon ya zauna. Duk da haka ranar ashirin da tara Bagobiri ya sa farar rigarsa ya ce a kai shi tudu. Na riƙe masa hannu. Rana ta faɗa bayan tsibirin da ke tsallaken ruwa, sama ta yi fes, babu ko ɗigon gajimare. Muka jera a bayansa kamar kullum, tsofaffi wajen ashirin, babu mai iya bambance jirgi da tsuntsu a nesa. Shekara da shekaru ba mu koyi neman wata ba, tunda akwai mai nema.

Ya ɗaga kai ya daɗe. Na matsa kusa da kunnensa na ce, “Yaya, sama a wanke take, lissafi ma ya nuna yau ne. Ka ce ka gani. Ba wanda zai yi maka musu.”

“Kai ka gani?”

“A'a.”

“To ka ba ni shawara ɗaya, ta ishe ni.”

Limamin yana gefe, hannunsa a kan aljihu. Na san abin da ke ciki, ɗan littafin nan ne na Turawa, don na ga lokacin da ya saye shi a kantin magani. Bai fito da shi ba. Ya ce kawai, “Bawana, me ka gani?”

Bagobiri ya juyo wajen muryar ya ce, “Ban ga komai ba.”

“To mu cika talatin,” in ji limamin, ya cire hannu daga aljihu.

Washegari muka wuni da azumi. Da magariba sai ga wata can sama, ƙato, ya yi ƙiba, har masu sayar da kifi a bakin ruwa suna nuna shi da wuƙa. Ko makaho ya san ɗan kwana biyu ne. Wato dukanmu, Hausawa da Yarabawa, mun yi azumi ranar Sallah, ranar da aka haramta azumi, don kada a karya azumin mutum ɗaya da ɗigon ruwa. Ba wanda ya ɗaga maganar a wurin cin abincin Sallah. Matar Bagobiri ce kawai, da ta zo ajiye mini kwano, ta tambaye ni ko wannan ma akwai yadda ake rama shi.

Ya rayu shekara shida bayan haka. Yana gane mutum da murya, yana saƙa malafa da lalube, ni nake kai masa kaba in kuma kai malafun kasuwa. Bai taɓa ce mini ni na jawo ba. In na fara cewa a ƙasa kaza ana yin kaza, sai ya ce, “Bakano, sha ruwa,” ko da ba azumi ake ba.

Da Azumi na gaba ya zagayo, ranar ashirin da tara, limamin ya zo har gida ya ɗauke shi, ya zaunar da shi a gaba a ɗakin salla, sannan ya buɗe ɗan littafin ya karanta. Bagobiri ya ce, “Na ji.” Tun daga wannan shekara ba mu sake hawa tudu neman wata ba, kuma babu wani abu da ake jiran Bahaushe ya faɗa a Bahiya kafin a yi shi.