Bindigar da Na Goge da Toka

Shekarun baya can, lokacin da ake ta rushe gidajen da ke kewaye da Harami don a faɗaɗa masallaci, na yi wata gwaninta da ta kusa raba mu da Makka. Lokacin ban fi shekara biyu da aure ba, muna zaune a ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida a unguwar Jarwal.

Ni a hanya aka haife ni. Iyayena daga ƙasar Kano suka taso a ƙafa, suka yada zango a Chadi, suka yi aikin auduga a Sudan, can mahaifiyata ta sauke ni, aka ƙaraso da ni a goye. Ban san wani gari ba sai Makka. Amma takarda ba ruwanta da wannan. Zamanmu ni da maigidana a kan igama yake, wato takardar zama, ita kuma igamar a hannun ubangidansa take, wani dattijo ɗan kasuwa da muke kira Ammi, wato baffa da Larabci. In ya sa hannu mu zauna, in ya janye hannunsa a ɗora mu a jirgin ruwa zuwa ƙasar da ban taɓa gani ba. Wannan watan kuwa shi ne watan sabuntawa.

Maigidana direban Ammi ne, kuma tun da yanar ido ta rufe wa tsohon gani shi ya zama ɗan jagoransa. Ammi yana da abu guda da ya ɗora wa rai: tara tsofaffin ƙananan bindigogi ƙirar Amurka, irin masu tulu mai juyawa inda ake zuba harsashi. Larabawa na ce musu musaddas, mu kuma libarba. Na zamanin da mutanen can ke kora shanu suna kutsawa daji suna kafa garuruwa ne. Wasunsu sojojin Turkawa ne suka bari tun suna mulkin Hijaz, wasu kuma alhazai ne suka zo da su suka sayar don guzurin komawa. Ba ya harbi da su, ko harsashi ɗaya babu a gidansa, kuma da takardar izininsa. Shafa su kawai yake yi yana jin daɗi. Ni dai a lokacin gani nake yi abin masu hali ne da suka rasa aikin yi.

Da rusau ya iso kan gidansa sai ya tashi zuwa unguwar Zahir. 'Yan dako suka kwashe komai, amma akwatin bindigogin ya ce ba mai ɗauka sai maigidana, ya ajiye a wurinsa kwana uku kafin kafinta ya gama kafa musu kabad a sabon gida. Maigidana ya shigo da akwatin, ya tura ƙarƙashin gado, ya ce min ajiyar Ammi ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, don shi magana tsada take masa.

Ni kuwa ina da wata cuta da na gada wurin mahaifiyata: ba na iya ganin ƙarfe ya dushe in ƙyale shi. Tukwanena ana duba fuska a gindinsu. In salla ta matso, matan layinmu kawo min butocin gahawa da farantan tagulla suke yi, in zauna da tokata da lemun tsamina in mayar da su sababbi, su yi ta yabo kaina na kumbura.

Kwana na biyu ina shara na jawo akwatin, warin mai ya bugi hancina, kuma ba kwaɗo a jiki. Ba wanda ya aike ni, na buɗe. Guda bakwai ne, kowace a naɗe cikin ƙyallenta. Shida da dama-dama. Ta bakwai, wadda ta fi su tsawo da nauyi, ta yi wani irin ja-ja baƙi-baƙi kamar bayan dabino. Na riƙe baki na ce yanzu duk barorin da ke gidan nan a rasa mai goge wa bawan Allah kayansa, don sun ga ba ya gani? Nan take dabara ta zo min. In aka mayar masa da ita tana walƙiya, ai sa hannu a igama ko roƙo ba sai an yi ba.

Na tankaɗe toka mai laushi, na yanka lemun tsami, na ɗauko soso, na miƙe ƙafa. Tun hantsi nake dirza har aka kira azahar. A jikin tulun akwai wani ɗan zane siriri, mutane da keken doki, sai ka ƙura ido kake ganinsa. Ina dirzawa yana ƙara dushewa, ni kuwa ina murna wai datti ne ke fita. Na gama gefe ɗaya fes, fari tas. Wuraren da suka yi taurin kai na ce bari a yi la'asar in samo yashi mai laushi in gama da su. Na ɗora ta a kan matashi, gefen mai ƙyalli a sama, na zauna jiran yabo.

Da maigidana ya shigo cin abinci ya gan ta, sai ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa daɓas, ya yi ta salati a hankali. 

Da ƙyar ya buɗe baki ya yi min bayani. Ya ce wannan launin da na kira datti, shi ne ake nema. Baƙin da maƙeranta suka yi mata tun asali ne, shekaru suka bi ta kansa suka mayar da shi haka, kuma shi ke shaida ba wanda ya taɓa yi mata kwaskwarima. Ya ce ya sha zama gefen Ammi in an kawo masa ta sayarwa. Sai an karanta masa lambar da ke jikin bututun, da ta tulun, da ta ƙasan mariƙin, in ɗaya ta saɓa ya san haɗe-haɗe ce. Ya bi rubutun da farce, in bakin haruffan ya kwanta ya san an taɓa goge ta. Ya shafa kan kusoshin ya ji ko an ci musu baki da sukundireba. Ya ja kanta, wanda ke bugun harsashi, baya kusa da kunnensa ya ƙirga ƙarar da take yi. Da yawa ya mayar, ya ce kwaikwayo ne daga Beljiyam ko aikin maƙeran tsaunukan Afganistan. Wannan da na goge kuwa ita ce ta gaske daga sama har ƙasa, ita ce 'yar lelensa, kuma zanen nan da ya rage a tulunta shi yake nuna wa baƙi.

Na yi kuka har na gode Allah. Ba bindigar nake wa kuka ba, gaskiya. Jirgin ruwa nake hangowa.

Da yamma maigidana ya kira wani abokinsa da ke gyaran tsofaffin kaya a kasuwar gwanjo. Ya juya ta, ya yi tsaki, ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ruwan khal, wato ruwan tsamin nan binega, da gishiri, a naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma, a ba ta hayaƙi, a bi da mai, za ta yi ja kamar ba a taɓa ba. Ya ce haka ake yi wa rabin kayan da ke kasuwarsu. "Masu ido ma saye suke yi," in ji shi, "balle wanda ba ya gani."

Wallahi ji na yi kamar an sauke min dutse. Na shiga sa masa albarka, shi da iyayensa. Maigidana dai bai ce a yi ba, bai ce a bari ba.

Washegari da safe abokin ya kawo kwalbar haɗinsa. Maigidana ya karɓa, ya yi godiya, ya raka shi bakin ƙofa, ya mayar masa da kwalbar a hannu. Da ya dawo na tare shi. Ban san ina da baki haka ba sai ranar. Na ce shi gaskiyarsa ce za ta ba mu ɗaki a Legas ko a Kano? Na ce uwata tana nan, kabarin ubana yana nan, wa na sani a can? Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, ni da na yi ɓarnar ni ce kuma mai faɗa. Ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya ce:

"Ni nake riƙe hannunsa zuwa Harami. In na ce masa ga matakala, ɗaga ƙafa yake yi bai tambaya ba. In na yi masa wannan, da wane bakin zan ƙara ce masa ga matakala?"

Duk da haka ban huce ba. Na dai ce in za a je, da ni za a je, don ba zan zauna a ɗaki ina jiran hukunci ba.

Bayan la'asar muka isa Zahir. Aka shigar da ni wurin uwargidan Ammi, muka zauna bayan labulen da ya raba ɗakinta da zauren, ina jin komai, ina kuma leƙe ta gefe. Maigidana ya ajiye akwatin a gaban tsohon ya soma cewa, "Ammi, akwai maganar da…" Tsohon ya ɗaga masa hannu, ya ce ya bari ya gaisa da 'ya'yansa tukuna.

Ɗaya bayan ɗaya yake warware bindigogin, ya shafa, ya ja kan ya saurara, ya ajiye. Ni kuwa ina ƙirgawa. Da ya zo kan ta bakwai, tun bai gama warware ƙyallen ba ya tsaya. Ya kai ta hancinsa.

"Lemun tsami," ya ce. Ya ƙara shinshinawa. "Da toka."

Ya bi bututun da yatsa, ya juya gefen da ban taɓa ba ya shafa, ya dawo gefen da na goge. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kan tulun yana juya shi a hankali, yana neman zanen. Ya zagaya sau ɗaya, ya zagaya sau biyu. Na ga inda yatsan ya samu ya tsaya, na ga inda ya wuce sumul bai sami komai ba.  Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma a karo na farko bindigar ce ta ba ni tausayi, da mai ita, ba kaina ba.

Maigidana ya ce laifinsa ne, shi aka ba ajiya. Ban san sanda bakina ya buɗe daga bayan labule ba. Na ce, "Ammi, ni ce. Bai sani ba. Na ɗauka tsatsa ce, na so in faranta maka."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya tambaye ni da me da me na yi aikin, na faɗa masa. Ya ce ban sa yashi ba? Na ce ban kai ga sawa ba, amma na yi niyya. Uwargidan ta toshe baki da mayafi. Shi bai yi dariya ba. Ya ce alhamdu lillahi, da yashi ya hau ta da rubutun ma ya tafi. Sai ya tambayi maigidana ko ba wanda ya ba shi shawarar a mayar mata da launi. Maigidana ya ce an ba shi. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce warin khal ya fi na lemun tsami daɗewa a jikin ƙarfe, kuma dillalan da suka kawo masa mai warin khal ba wanda ya ƙara taka masa zaure. Na sunkuyar da kai, don na san wadda ta yi ta sa albarka a kan kwalbar nan.

Ya sa aka kawo mai, ya ɗiga a tsumma, ya shafe gefen da na goge da hannunsa. Yana shafawa ya ce, "Ya binti, 'yata, abin da kika cire ya yi shekara kusan ɗari yana taruwa. Launin zai dawo in an bar ta ta huta, amma ba a zamanina ba. Zanen kuwa ya tafi." Ya naɗe ta ya ajiye tare da 'yan'uwanta. Sai ya ce wa maigidana gobe ya zo da wuri, ya taho da takardunmu, za su biya ofis kafin rana ta yi zafi.

A mota muna komawa Jarwal na yi ta kuka, wannan karon na sauƙi. Maigidana yana tuƙi bai dube ni ba, sai da muka kusa gida ya ce in taimaka kada in goge masa motar Ammi da toka. Shi ke nan faɗan da ya yi min a kan maganar har ya koma ga Allah.

Yanzu da na tsufa, in na waiwaya, gogewar ba ita ta fi tsaya min ba. Wannan rashin sani ne da rawar kai, kowa yana yi. Abin da ke damuna har yau shi ne yadda na rungumi shawarar kwalbar nan hannu bibbiyu, don tsoro ya kama ni. Da maigidana ya biye min, da hannunmu za mu yanke zamanmu a garin nan, muna ganin dabara muka yi. 'Ya'yana da jikokina duk a Makka aka haife su, kuma ba wayona ne ya jawo musu hakan ba.

Ammi ya ƙara shekara shida a duniya. Na yi ta zuba ido in ji ranar da zai goranta mana, ko da cikin wasa. Kowace shekara in watan sabuntawa ya zo sai ya sa hannu, ya aiko a gaishe ni. Har ya rasu bai ƙara tayar da maganar ba.