Rawanin da ke Cikin Rami

Ranar Alhamis ce. Na tashi da asuba na hura wuta, na dama koko da sauran gasarar jiya. Malam, maigidana, ya dawo daga masallaci ya sha a tsaye kamar kullum, yana cewa kokon ya yi ruwa. Na ce to gobe ya dama da kansa. Ya yi dariya. Inna, mahaifiyarsa, tana bakin ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta ce mu biyun nan ba ma gajiya. 'Yarmu Asabe tana goye a bayana, ko tafiya ba ta fara ba.

Malam marini ne. Gidanmu yana Ƙofar Jatau, marinar kuma tana jikin ganuwa, a kan hanyar fita gari. Hannayensa shuɗi ne har gwiwa, na kowane marini haka yake, ba sabulun da ke fid da shi. Da safen nan ya ce akwai rawanin wani Alhaji na Kwarbai a hannunsa, gobe Juma'a za a naɗa, dole ya gama rininsa kafin azahar a miƙa wa mabuga. Ya shafa kan Asabe ya fita.

Ku da ba ku nan, ku sani ba don daɗi nake wannan rubutu ba. Yayana Sani ne ya sa ni. Bayan na dawo gidansa a ƙauye na zama wata iri. Ban yi kuka ba, ko ranar sadakar uku. Mata suna cewa Ladi akwai tawakkali. Tawakkalin me? Dutse ne a ƙirjina. Ran da na mari Asabe don ta zubar da ruwa, yarinyar da ba ta san komai ba, Yaya Sani ya kira ni zaure. Ya turo min takarda da tawada da alƙalami. Ya ce, "Baba bai koya miki ajami don ado ba. Abin da ya ƙi fita ta baki, ki fid da shi ta hannu. Ba mai karantawa sai kin so." Na ce shirme ne. Amma na ɗauka.

A shekarun nan siyasa ta shigo birni da zafinta. 'Yan wannan jam'iyya suka kawo wa marina farin ƙyalle a rina musu tuta, aka rina. 'Yan waccan ma suka kawo, aka rina. Marini ina ruwansa? Wanda ya kawo shi ake yi wa. Amma ɓangare ɗaya suka ce marina duk 'yan adawa ne, a karofi, wato marinar, ake taron asiri. Ƙarya suke yi, Allah ya isa. Abin da ake yi a karofi gulma ce da cin goro.

Ranar Alhamis ɗin, da hantsi ina tankaɗe. Daga tsakar gidanmu ana jin bugun mabuga, tim, tim, tim, tun safe har yamma. Mun saba da shi har ba ma jinsa. Sai ya tsaya. Tsayawar ce ta sa na ɗaga kai. Na ji kuwwa daga wajen ganuwa. Na ji ƙarar gora a kan wani abu mai taushi. Wani ya yi salati da ƙarfi, bai kai ƙarshe ba. Awakin maƙwabta suka tsinke suna ta kuka.

Malam ya faɗo cikin gida ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Jini yana bin kunnensa. Ya ce 'yan banga ne, sun fasa marina, sun ce duk mai shuɗin hannu a kama shi. Bai rufe baki ba muka ji su a lungun bayanmu.

"Fito da hannunka!"

"Marini ne! Ku ba shi!"

Na gane murya ɗaya. Mudi ne, ɗan gidan da ke kallon namu. Mudin da ya sha furar Inna tun yana yawo ba wando. Tir da wannan haihuwa.

Inna ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar lalle da tsummoki da zanenta na fita unguwa. Ta ce wa ɗanta, "Zauna." Ya gane nufinta, ya ce shi wallahi ba zai sa zanen mata ba, gara su same shi a zaurensa. Nan na taso masa. Na ce in ya ga dama ya je zauren ya zauna, amma ya fara kwance 'yarsa daga bayana ya gaya mata da bakinsa. Ya dube ni. Ya zauna.

Muka kwaɓa lalle da gaggawa. Inna ta kama hannun dama, na kama hagu. Muka lafta masa, muka naɗe da tsumma har sama da gwiwa, kamar ƙunshin mai shirin biki. Muka ɗaura masa zane har ƙasa, muka lulluɓe shi, gemun ya shige cikin mayafi. Malam ba dogo ba ne, kuma ba shi da jiki. In ba ka ƙura ido ba sai ka ce tsohuwa ce mai ciwon baya.

Rana ta kusa tsakiya muka fito. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa taka lungun nan da rana ba. Hasken ya kashe min ido. Hayaƙi yana tashi daga gidan sarkin marina. An watsar da tukwane a hanya, hatsi ya zube, kaji suna ta tsattsaga abinsu. Mata sun cika lungu da goyo da ƙullin kaya, kowa ta nufi ƙofar gari. Muka kutsa tsakiyarsu. Inna a gaba, Malam a tsakiya, ni a baya ina kallon dugadugansa.

A bakin masallacin unguwa 'yan bangan sun tare hanya. Sun jera maza a jikin bango, kowa ya miƙa hannu. Na ga sun ja wani dattijo da nake jin muryarsa kullum yana tallan shuni. Sun buga masa kulki a gwiwa, ya durƙushe.

"Mata ku wuce! Ku wuce, ku ba mu wuri!"

Muka wuce. Mudi yana tsaye da gora a kafaɗa. Ya kalli Inna, ya kau da kai. Ya kalli ƙunshin, ya ba mu hanya. Asabe kuwa barcinta take yi a bayana. Na ce a raina mun tsira. Saura marina, saura ƙofa, sai daji.

Aka fara kiran azahar daga wani masallaci can cikin gari. A unguwarmu ba wanda ya kira. Muka iso marina. Ba kowa. An karya rumfuna, an ture murafan ramuka, an zuba ƙasa da kashin jaki a cikin ruwan baban rini. Warin ya cika wurin. Turamen mutane suna yashe a taɓo, an tattake su. Ga ƙofar gari can ina hangen ta, ina ganin hasken waje ta cikinta.

Sai dugadugan nan suka tsaya.

Raminsa yana bakin hanya. Bakin rawanin Alhaji yana saƙale a gefen ramin, inda ya sake shi ya gudu, sauran ya nutse. In ya kai ƙasa ya kwanta cikin katsi, lakar gindin rami, ya lalace ke nan. Marini ya san wannan kamar yadda na san tuwo zai kama. Na matsa na ce ƙasa-ƙasa, "Malam, tafi." Ya ce, "Amanar mutane ce, Ladi. Yanzun nan." Na kama zanen. Ya fizge.

Ya tsuguna irin tsugunon maza, gwiwa a buɗe. Ƙunshi ya hana shi kamawa. Ya sa haƙori ya kwance tsumman dama. Ya zura hannu ya jawo rawanin. Kuma wallahi, ina tsaye ina gani, sai da ya matse shi. Ya murɗa shi sannu a hankali yadda ya saba, kada ruwan baba ya zube a banza.

Ashe akwai 'yan banga biyu a gindin durumi suna hutawa.

"Kai! Ga ɗaya nan! Ga ɗaya cikin zane!"

Suka yi fito. Na ji gudun ƙafafu daga lungu. Gorar farko ta same shi a kafaɗa. Ta biyu ban gani ba, ji na yi. Suna dariyar zanen. Ɗaya yana cewa a bar amarya ta gama ƙunshi. Na buɗe baki zan yi ihu, Inna ta damƙe wuyan hannuna. Tsohuwar da ba ta iya ɗaga tulu, sai da farcenta ya shiga namana. Ta ce, "Tafi. Akwai goyo a bayanki. Kar ki waiga." Ɗanta ne fa, shi kaɗai gare ta. Ta ja ni muka bi mata. Ita ma ba ta waiga ba. Bayanmu na ji abu mai nauyi ya faɗa ruwa.

Muka fita ta ƙofa. Muka bi ta cikin dawa, ganye yana yankar fuska. Asabe ta farka ta fara tsala kuka, na ba ta nono ina tafiya. Ƙaya ta shiga ƙafata, ban tsaya cirewa ba. Da la'asar muka kai rafi, Inna ta yi alwala ta rama azahar ta yi la'asar a zaune. Ni ban yi ba. Na zauna ina kankare lalle daga tafin hannuna da yashi. Wasu Fulani mata suka ba mu nono a ƙwarya, ba su tambaye mu komai ba. Rana tana faɗuwa muka shiga ƙauyenmu. Yaya Sani ya gan mu mu uku, ya leƙa bayanmu, bai ga Malam ba.

Washegari maƙwabta suka ciro shi daga rami da ƙugiya, suka yi masa sutura. Ban gan shi ba.

To, da na karɓi takardar nan, zagi na fara. Ina gama shara in zauna bayan rumbu in rubuta. Na tsine wa Mudi, na tsine wa masu gora, na tsine wa manyan da suka aiko su suna zaune a inuwa. Na roƙa musu kuturta da makanta. Na cika takardu, har yau ban janye ko ɗaya ba. Amma dutsen bai motsa ba. Na gaya wa Yaya maganinsa bai ci ba. Ya ce, "Ki ci gaba, ba ki kai gindin ba."

Wata safiya ina jera sunayen waɗanda ban yafe wa ba, sai hannuna ya rubuta Tanimu. Sunan Malam ke nan. Tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa furta shi ba, kunya ba ta bari. Ga shi na rubuta shi a ƙarƙashin sunan Mudi. Na jefar da alƙalamin kamar na taɓa wuta. Na yi istigfari. Sai na ɗauko na ci gaba, don gaskiya ce.

Haushinsa nake ji. Na fi jin haushinsa a kan na masu gora. Su ƙattin banza ne, ba su san ni ba, ba su yi min alkawarin komai ba. Shi kuwa ya ga ƙofa kamar yadda na gan ta. Ya san uwarsa tana gaba, 'yarsa tana baya. Ya ce amana. Mu ba amana ba ne? Ni da na bar gidan ubana na zo ina dama masa koko, ban kai rawani ba? Kowa yana cewa Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki, ya mutu a kan gaskiya. Ina cewa amin, cikina yana tafasa. Wa zan gaya wa ina fushi da mamaci? Na rubuta masa duka. Na kira shi wawa. Na kira shi mai taurin kai. Na ce ya cuce ni, ya cuci Inna. Ina cikin rubutawa tawada ta fara jiƙewa, ashe hawaye ne. Na yi kukan da ban yi ba tun daga marina, har matar Yaya ta zo ta riƙe ni.

Ba zan ce na warke ba. Fushin yana nan, sai dai yanzu na san sunansa, na daina sauke shi a kan yarinya. Ina yi wa Malam addu'a bayan kowace salla. Wata rana da zuciya ɗaya, wata rana da ƙyar.

Inna ba ta kai lokacin kaka ba. Ba ta yi ciwo ba, abinci ta rage har ta daina. A nan ƙauye muka binne ta, nesa da ɗanta. Gidanmu na birni wasu ne a ciki, ban je na gani ba. Mudi, in ji masu zuwa kasuwa, ya yi aure har ya yi ƙiba.

Asabe ta yi wayo, bakinta ya buɗe. Tana bin 'ya'yan Yaya Sani duk inda suka sa ƙafa. Da yamma in ya dawo daga gona sukan ruga su tare shi suna Baba, Baba. Jiya na ji muryarta a cikinsu. Ban hana ta ba.