Wanda Zai Gyara Gidan, Shi Zai Fara Hawa Keken

A tashar da ya yi aiki Baba Sannu ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har gida bayan ya bar tuƙi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jan doguwar bas tsakanin garuruwa. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san ba za a isa da wuri ba, amma za a isa. Sauran direbobi kan wuce shi a hanya suna danna masa hon, shi kuwa ya ɗaga musu hannu. In fasinja ya dame shi da ƙorafi sai ya ce, "Ɗan'uwa, garin ba gudu zai yi ba. Inda muka bar shi jiya, nan yake."

Akwai wata ɗabi'a da kanikawa suka san shi da ita. In aka gyara masa birki, ba ya karɓar makulli ya tafi. Sai wanda ya yi gyaran ya wanke hannu ya zauna a kujerar gaba, su sauko tare ta wata gangara da ke bayan gareji. "Ba zargi ba ne," yakan ce. "Kai ka ce ya yi, to zo mu ji tare." Wasu su yi fushi. Wasu su nemi a ɗan ba su lokaci su sake duba wani noti. Waɗanda ke shiga ba gardama, su ya riƙe har ya ajiye aiki.

Gidansa ɗaki-ɗaki ya gina shi, yadda hali ya yi, shi ya sa bai da tsari. Akwai matakala a ƙofar shiga. Daga falo sai wani siririn lungu, wanda ya yi kwana kafin ya kai banɗaki. Kowace ƙofa da dokinta mai tsawo saboda ruwan sama. Shi da matarsa sun tsufa a ciki suna tsallake waɗannan abubuwa ba tare da sun ma gan su ba.

Bara ne matar ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta dai ya dawo sarai, kamar yadda Baba Sannu ke faɗa yana dariya, har da ƙari. Ƙafa da hannu ne suka ƙi, sai a keken marasa lafiya. Da aka sallame ta daga asibiti, babbar 'yarsu ta wuce da ita gidanta a wani gari, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma ƙofofi suke da faɗi. Ta kuma faɗa wa mahaifinta magana ɗaya, ba ta ƙara ba: Mama ba za ta koma gidan da keke ba ya shiga banɗakinsa ba. Ko a gyara, ko ta zauna nan dindindin.

Baba Sannu ya gwada zaman gidan surukinsa, mijin 'yar. Bai jima ba ya dawo. Ya ce mutanen kirki ne, amma shi bai iya zama inda ko rediyonsa sai ya rage murya ba. Ya koma gida shi kaɗai, ya koyi dafa shayi, yana kiran matar a waya safe da yamma.

"Direba, ka ci abinci?" takan tambaya.

"Na ci, Uwargida."

"Me ka ci?"

"Abinci."

"Shayi ke nan. Ka gyara gidan nan in dawo kafin ka zama tsinke."

Shi bai san komai game da gini ba, kuma bai ɓoye ba. Labarin 'yan kwangila kuwa ya ji shi iri-iri a majalisar tsofaffin direbobi: wanda aka fasa wa bango aka ɓace, wanda aka yi wa banɗaki ruwa na komawa ɗaki. Sai ya je ya aro wani tsohon keken marasa lafiya wurin maƙwabcinsa, ya goge shi, ya sa wa tayoyin mai, ya ajiye shi a tsakiyar falo.

Ɗan kwangila na farko surukinsa ne ya turo shi. Mutum ne mai tsabta da fara'a, wayarsa cike da hotunan gidajen da ya yi, kuma gidajen sun yi kyau. Ya zagaya da tef ɗin awo, ya ce za a faɗaɗa ƙofofi, a zuba tayil mai sheƙi, a yi gangara a bakin ƙofa. Baba Sannu ya saurara har ya gama, sannan ya nuna masa keken.

"Bismillah. Zauna ka kai kanka banɗaki."

Mutumin ya yi dariya, da ya ga tsohon ba wasa yake ba sai ya ja da baya. "Allah ya kiyaye, Baba. Da ƙafafuna lafiya lau? Ai wannan kiran ciwo ne."

"Gaskiyarka," in ji Baba Sannu. Ya raka shi har mota, suka rabu lafiya.

Wani kuma da ya zo bayansa bai ƙi ba, amma leburansa ya kira ya zauna, shi yana tura shi. Baba Sannu ya ce turi bai cikin lissafi. Aka yi ta haka har surukin ya fara gajiya, ya kai ƙara wurin matarsa cewa Baba yana korar masu aiki da keke.

Dogo ba wanda ya turo shi. Baba Sannu ne ya ga wani gida da ake gyara a kan hanyarsa ta kasuwa, ya lura kullum da yamma ana share bakin ƙofar, ba a barin yashi a kan hanyar mutane. Ya tambayi wanda ke da aikin, aka nuna masa wani dogon mutum mai furfura a gemu, yana tsaye yana faɗa da mai gyaran famfo kan wani bututu da aka binne ba a gwada ba. Washegari Dogo ya zo gidan a kan babur.

Da aka nuna masa keken, sai ya dube shi, ya dubi ƙafafunsa. "Baba, in na shiga wannan, wa zai fito da ni?"

"Ni. Na saba sauke kaya."

Dogo ya naɗe kansa ya zauna, gwiwoyinsa kusan a haɓa. Ya tura ya fita falo lafiya. A cikin lungun ya goge bayan hannunsa da bango. Da ya zo kwanar sai keken ya cije. Ya yi baya, ya yi gaba, ya sake yin baya, Baba Sannu na tsaye yana ba shi hannu kamar mai fitar da mota daga tasha: "Karya dama. Ƙara. Tsaya, ka ci bango." Da ƙyar ya juya, sai ga dokin ƙofar banɗaki ya tare shi. Nan ya zauna yana haki yana dariya, yana tsotsar yatsan da ya ƙuje.

"Faɗin ƙofa ba shi ne matsalar ba," ya ce. "Wurin juyawa ne babu."

Baba Sannu ya ce a nan ya fara jin mutumin ya kwanta masa, don maganar direbobi ce wannan. Amma Dogo bai tashi ba. Ya tambaya, "Mama da wane hannu take turawa?"

"Na dama. Na hagun ba ya aiki."

"To ai ni da biyu na zo."

Ya cusa hannun hagu cikin aljihu, ya tura da dama kaɗai. Keken ya juya a wuri ɗaya ya fuskanci bango. Ya sake turawa, ya sake juyawa. Baba Sannu ya yi tsuru-tsuru. Shi da ya kawo gwajin, bai taɓa tunanin wannan ba, domin a ransa ya riga ya gama cewa shi zai riƙa tura ta duk inda za ta. Dogo ya ce ba zai faɗi abin da za a rushe ba sai ya ga mai keken da idonsa.

Kafin su tafi, Baba Sannu ya yi nasa binciken. Ya nemi Dogo ya gaya masa gidajen da ya yi da daɗewa, ba na bana ba. Ya bari aka yi ruwa, sannan ya bi su. Bai tambayi ko aikin ya yi kyau ba. Ya duba inda ruwa ya kwanta, ya kuma tambayi masu gida ko mutumin na ɗaukar waya in wani abu ya lalace. Wata dattijuwa ta ce rufin kicin ɗinta ya taɓa yoyo bayan aikin, ta kira shi, ya zo ya gyara yana ta mita kamar ita ta huda. Baba Sannu ya ce wannan amsar ta fi masa yabo.

Suka shiga bas tare zuwa gidan 'yar, Baba Sannu na ta gyaɗa kai kan gudun direban. Matar Baba Sannu ta dubi Dogo sama da ƙasa.

"Kai ne ka shiga keke? An ce har ka yi hatsari."

"Ƙaramin hatsari ne, Mama. Ba a rasa rai ba."

"To buɗe ido ka ga yadda ake tuƙi."

Ta sauke ƙafar dama ƙasa. Tana tura taya da hannu, tana jan ƙasa da diddige tana saita hanya, ta zagaye teburin falon ta dawo gabansu ta tsaya cak. Mijinta ya saki baki. Duk zuwan da yake yi, yana shigowa yake kama bayan keken, bai taɓa bari ya gani ba.

"Tun yaushe kika iya wannan?"

"Tun da ka tafi ka bar ni na huta da turi. Kai ko keke ka samu sai ka yi sannu da shi."

Dogo ya tsuguna yana kallon diddigen. Daga nan ya yanke cewa ba za a sa tayil mai sheƙi ba, sai mai kaushi da ƙafa za ta kama. Ya sa ta miƙa hannu sama, ya ga iyakar inda take kaiwa. Ya tambaye ta ta wane gefe take sauka daga gado, da abin da ta fi so ta yi da kanta. Ta ce wanka, sai girki. 'Yar ta ce girki kam a bar shi. Uwar ta ce a bar shi a hannun wa, wannan mai shayin?

Maganar takarda da biya kashi-kashi Baba Sannu ya bar wa 'yarsa, ita da Dogo suka zauna suka gama. Aiki ya fara. Aka cire dokin kowace ƙofa, aka yi magudana a waje don ruwan sama. Aka rushe kusurwar lungun, abin da ya ci rabin ɗakin ajiyar Baba Sannu, inda ya tara tsofaffin tayoyi da fitilun mota. Ya yi gardama kwana biyu, sannan ya kira mai sayen ƙarafa. Ƙofar banɗaki ta koma ta turawa gefe. Aka kafa ƙarfen riƙewa a dama, aka sauko da makunnin wuta da famfo da teburin girki. Keken aro yana nan a wurin, ya yi fari da ƙurar siminti, kuma duk abin da aka gama sai Dogo ya hau ya gwada, hannu ɗaya a aljihu.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ranar da aka zuba gangarar ƙofar gida Dogo yana wani aikin, magini ya taƙaita ta don kada ta ci tsakar gida. Da ta bushe Dogo ya hau daga sama. Keken ya kwasa da shi, ya wuce igiyar shanya, ya tsaya a cikin bahon wankin Baba Sannu. Maƙwabta suna ba da labarin har yau. Dogo ya tashi da wata riga a kafaɗa, ya ce laifinsa ne da bai tsaya a kai ba, ya sa aka fasa. Sabuwar gangarar ta yi tsawo, ta bi jikin bango a kwance, da wurin hutawa a tsakiya. Wannan ya ƙara wa aikin mako guda, Baba Sannu kuwa ko a jikinsa. Jinkiri bai taɓa damunsa ba.

Da aikin ya ƙare, wata safiya aka kawo matar. 'Yar ce ta tuƙo, kuma ta faɗa tun a hanya cewa gani kawai aka zo yi. Akwatin kayan uwar yana cikin but ɗin mota, ba ta sauke ba. Dogo yana gefe ya sa riga mai tsabta. Baba Sannu ya kai hannu zai kama bayan keken, matar ta ce, "Direba, yau fasinja kake." Ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

Ta hau gangarar a hankali, ta huta a tsakiya, ta ƙarasa. Ta ratsa falo, ta shiga lungun, ta sha kwanar ba ta taɓa bango ba. Suka ji ƙofar banɗaki ta zuge, ta rufe. Suka ji ruwa na zuba. Su uku suna tsaye a falo ba mai kallon wani. Can ta fito fuskarta a jiƙe, ta wuce su ta shiga kicin, ta buɗe wannan ta rufe wancan.

"Wa ya ƙona mini tukunyar nan?"

"Masu aiki ne," in ji Baba Sannu.

"Baba, ka ji tsoron Allah," in ji Dogo.

Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. Sannan ta juyo da keken ta dubi 'yarta, wadda ke tsaye da makullin mota a hannu.

"Ke 'yar nan, me kike jira? Shigo mini da akwatina. Ki kuma biya kasuwa kafin ki tafi, gidan nan ba komai sai ganyen shayi."