Harshen Lawali

Da ƙarfe takwas na safiyar wata Asabar, ina aji biyar a firamare, Gwaggo Asabe ta shigo gidanmu na Yelwa, wanzami na biye da ita. Ina gindin randa ina tsintar shinkafa, littafina a cinya. Saboda Lawali suka zo, ɗan ƙanen Inna da aka kawo mana daga Shanga bayan jirgin ruwa ya kife da iyayensa ranar kasuwa. Leɓensa a tsage aka haife shi, rufin bakinsa ma haka har ciki. In ya yi magana ta hanci take fita, in ya sha kunu wani ya biyo ta nan.

"Linzami ne ya ɗaure mai halshe," in ji Gwaggo. "A tsinke shi, gobe ki ji yana zuba kamar rediyo." Inna ba ta hana ba, don Gwaggo yayar Baba ce. Aka danne yaron a kan tabarmar da muke shanya kifi, wanzami ya ɗaga harshen ya ja aska a ƙarƙashinsa. Jini ya ɓata tabarmar. Lawali ya daɗe ba ya iya haɗiye tuwo, maganar kuma tana inda take.

Ba jinin kaɗai nake ƙyama ba. Kwanonsa daban aka ware. Maƙwabciyarmu mai ciki takan kau da kai in ya gifta, wai kada ta haifi irinsa. A bakin ruwa yara su toshe hanci suna kwaikwayonsa, manya na gyaran komar kamun kifi suna dariya. Gwaggo kuwa ta ce askar ce ba ta shiga sosai ba, bayan girbi za ta kawo wani wanzamin.

Kafin girbin Malama Rahila ta zo hutu. 'Yar Ngaski ce, aikinta a wani asibiti koya wa yara irin Lawali magana. Wurin wanke-wanke ta gan mu, ta biyo mu gida, ta duba bakinsa, ta daɗe tana kallon tabon askar. Gwaggo na gidan ranar, sai Malama ta juya gare ta. "Gwaggo, harshensa lafiya lau. Kada aska ta sake taɓa shi." Ita ta yi hanya likitoci suka ɗinke tsagar, kuma duk hutu takan zo da yamma, ba wanda ya sa ta. Ta yanko sandar ganyen gwanda ta ba shi ya yi ta hurawa cikin kofin ruwa, don iska ta koyi bin baki.

"Busa za a koya mai ko magana?" in ji Gwaggo. Amma wanzami bai sake zuwa ba.

Yanzu Lawali na gyaran injin jirgi a Yelwa, yana ciniki da kowa. Malama ta yi nisa da mu, askar kuwa na ji har yau tana shiga wasu gidajen. Abin da ya fi zama a raina shi ne ranar da na daure, duk kunyata, na yi wa Malama tambayar da kowa ke amsa mini da "sai yadda Allah ya yi": yaushe Lawali zai fara magana?

Ta zubar da ruwan kofin, ta dube ni.

"Safiya, tun da can yana magana. Ba a dai taɓa jira ya ƙarasa ba."