Harshen Mainassara Marini

A Magariya, duk marinin da ke son sanin ko ramin shuninsa ya nuna, Mainassara yake kira. Shi ba ruwansa da duba launi. Yatsa yake tsomawa ya ɗora a harshe, ya ce a ƙara toka ko a bari sai jibi. Shekara talatin harshen nan bai taɓa ba shi kunya ba, kuma shi ne duk dukiyarsa, don ko akuya bai ajiye ba.

Da shi ya ciyar da ɗansa Sabo har ya kai jami'a a Yamai, inda ya karanta shimi, wato ilimin haɗa sinadarai. Da hutun 1976 Sabo ya dawo da gwangwani biyu, na garin shuɗi da na soda, da baki cike da Faransanci. Ya tsuguna a karofi yana zana zobba a ƙasa da tsinke.

"Abba, shuɗin da kuke shan wahala a kai, ga shi nan duka. Zobba ne masu sinadarin azot a ciki. Da hannunmu muka haɗa shi a laboratuwar, ba ganye ko ɗaya."

"Madalla," in ji Mainassara. "Ka dai bar mini ramina."

Ina, ɗan lakwal mai taƙama da boko ya ga tsoho da gardama. Ranar Juma'a da marina suka tafi masallaci, Sabo ya juye garin shuɗin a ramin uban, haɗe da soda mai cin fata, wai zai ba shi mamaki. Bai gaya wa kowa ba.

Mainassara ya dawo ya ga kumfar ta canza. Ya tsoma yatsansa mai kanta, wanda ba ya jin komai, ya kai baki kamar kullum.

Sodar ta ƙone masa baki, wata guda da ƙyar kunu yake wucewa. Da bakin ya warke, zuma da maɗaci duk ɗaya suke gare shi. Da aka yi wa Sabo faɗa, cewa ya yi, "Ai ba a ɗanɗana kayan laboratuwar. Kowa ya sani."

Abin da ya fi ƙona rai, zanen da aka rina a ramin ya yi kyau, kuma a yini ɗaya. Marinan da Mainassara ya koya wa sana'a suka bi Sabo suna tambayar inda ake samun garin.

Ɗebo musu ruwa Mainassara ya koma yi har ya rasu. In ya sauke tulu, sai wani ya nuna rami, saura na dariya.

"Tsoho, zo ka ɗanɗana mana."