Bidiyon Inna Ba Murya

A layin masu gyaran kwamfuta Mai Wa'azi ake ce masa, kuma shi kansa ya san sunan ya bi jiki. Ka kawo masa kwamfuta don madanni ɗaya ya maƙale, sai ka tafi da huɗuba: manhajar kamfani a kulle take, buɗaɗɗiya kuwa kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. Duk ƴar manhajar kamfani da aka liƙa wa burauza, wato manhajar shiga intanet, don kunna bidiyo, sai ya tumɓuke ta ya dasa buɗaɗɗiya ta kyauta, ko ba a sa shi ba.

Wata rana Baba, mahaifinsa, ya dogaro sandarsa har shagon. Muryar matarsa, marigayiya Inna, yake son ji. Akwai bidiyonta da ƙanen Mai Wa'azi ya taɓa ɗorawa a wani tsohon shafi, na cikin waya kuwa ya bi wayar ya ɓata. Shafin ba ya kunnuwa sai da manhajar wani kamfani, kamfanin kuma ya daɗe da kashe abarsa.

Gogan naka ya gyara zama, ya ce yau za a ga ranar buɗaɗɗiya. Ya sa ta. Ga Inna a bakin ƙofa, tana nuna wani da yatsa, baki na motsi, amma murya ko ƙis.

"To, ba ka ce kowa na iya gyarawa ba?" in ji Baba. "Bismillah."

Mai Wa'azi ya buɗe cikin manhajar, abin da bai taɓa yi ba duk shekarun nan na wa'azi. Rubutu ne birjik kamar tururuwa, ko layi ɗaya bai gane ba. Kunya ta rufe shi. Ya ce a ransa, ashe cikin "kowa" ɗin nan ban da ni. Ya tura wa masu buɗaɗɗiyar manhajar kuka, suka amsa da ladabi cewa sun san matsalar, kuma suna maraba da duk wanda zai taimaka.

Baba dai ya jawo kujera, ya ce a sake kunnawa. Ya ƙura wa bakin matarsa ido, hawaye na bin gemunsa, sai kuma ya kama dariya.

"Bar shi, na ji ta. Da kai take. Cewa take, yaron nan baki ya fi hannu aiki."